BABI NA UKU: ZAƁEN MAKARANTAR KOYON SANA'A A AREWACIN GARIN KADUNA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin sana'a a rayuwar Bahaushe. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake zaɓen makarantar koyon sana'a ta zamani, musamman a ɓangaren garin Kaduna da ke arewa da kogi, wato unguwanni irin su Kawo da Malali da Unguwar Rimi da Badarawa da Unguwar Dosa da Mando da Tudun Wada. Za a fara da ma'anar irin wannan makaranta, sannan a kawo taƙaitaccen tarihinta a garin, da ire-irenta, daga nan kuma a tattauna ma'aunan da ya kamata uba ko ɗalibi ya yi amfani da su kafin ya biya kuɗin fom. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, makarantar kirki ita ce wadda ta haɗa wa ɗalibinta abubuwa biyu, wato ƙwarewar hannu da kuma takardar shaidar da hukuma ta sani. Duk wadda ta ba da ɗaya ta rasa ɗaya, to ta bar ɗalibi a tsakiyar hanya.

3.1 Ma'anar Makarantar Koyon Sana'a

Makarantar koyon sana'a wuri ne da ake koyar da wani aikin hannu bisa tsararriyar manhaja, cikin ƙayyadadden lokaci, a kuma yi jarrabawa a ƙarshe a ba da shaida. Sana'o'in da ake nufi sun haɗa da kanikanci da walda da kafintanci da gini da wayarin da aikin famfo da gyaran firji da ɗinki da girke-girke da aikin kwamfuta. Wannan ya bambanta da hanyar gargajiya, inda yaro kan gaji sana'ar gidansu, kamar ƙira ko jima ko dukanci ko rini, ko kuma a kai shi wurin wani maigida ya zauna shekara da shekaru har ranar da za a yaye shi. A tsarin gargajiya idon maigida shi ne jarrabawa, shaidar mutanen gari kuma ita ce satifiket. A babban gari irin Kaduna kuwa, inda mai ba da aiki sau da yawa bai san mai neman aikin ba, bai san mahaifinsa ba, dole takarda ta tsaya a madadin wannan shaida.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Ilmin Fasaha a Kaduna

Kaduna gari ne na ma'aikata tun asalinsa. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa shi, suka kuma maido hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a shekarar 1917. Aikin jirgin ƙasa da barikin soja da ma'aikatar ayyuka su ne suka fara jawo kafintoci da magina da makanikai zuwa garin. A shekarar 1956 aka buɗe Cibiyar Fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 1991. A daidai wannan zamani ne masana'antu suka bunƙasa a Kakuri da kewayenta, kudu da kogi. An buɗe masaƙar KTL a 1957, aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, sannan aka ƙaddamar da matatar mai a 1980.

Wannan tsari ya haifar da wata irin rabon aiki tsakanin gaɓoɓin kogin biyu. Ofisoshin gwamnati da yawancin makarantu suna arewa, manyan masana'antu kuma suna kudu. A wancan lokaci wanda ya gama makarantar fasaha ba ya daɗewa yana neman aiki, domin masaƙu kaɗai suna ɗaukar dubban ma'aikata. Amma al'amarin ya sauya. An rufe KTL a 2002, sauran manyan masaƙun ma suka bi sahu a shekarun da suka biyo baya. Haka kuma rikice-rikicen shekarar 2000 da 2002 sun sa mutane da yawa sun sauya mazauni, har wasu iyaye suka fi son 'ya'yansu su yi karatu da aiki a gaɓar da suke zaune. Sakamakon haka shi ne, yawancin masu gama makarantar sana'a a yau ba layin masana'anta suke shiga ba, shago suke buɗewa ko su bi 'yan kwangila. Saboda haka nauyin zaɓen makaranta ya ƙaru, tun da babu wani kamfani da zai sake horar da ɗalibi idan makarantarsa ta gaza.

Wani abin lura kuma shi ne, a Kaduna akwai ofishin Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NBTE. An kafa ta a 1977, ofishinta kuma yana kan titin Bida, a tsakiyar gari. Wannan dama ce da mazauna yawancin garuruwa ba su da ita, domin mutumin Kaduna yana iya takawa da ƙafarsa ya tambayi matsayin kowace makaranta.

3.3 Ire-iren Makarantun Koyon Sana'a

Ana iya kasa waɗannan makarantu gida huɗu, bisa la'akari da matakin da ake shigarsu da kuma shaidar da suke bayarwa.

(a) Kwalejojin fasaha na matakin sakandare. Waɗannan suna ɗaukar yaran da suka gama ƙaramar sakandare, su yi shekara uku. Misalinsu a arewacin Kaduna shi ne Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Malali. Ɗalibansu suna rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, mai hedkwata a Birnin Benin. Shaidar da take bayarwa ita ce NTC ga masu fasaha, da NBC ga masu fannin kasuwanci, kuma ana karɓarsu wajen neman shiga manyan makarantu kamar yadda ake karɓar sakamakon babbar sakandare, muddin an ci darussan da ake buƙata.

(b) Manyan kwalejojin kimiyya da fasaha. Babbar cikinsu ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, mai babban mazauni a Tudun Wada da wani reshe a Unguwar Rimi. Akwai kuma cibiyoyin da suka keɓanta ga fanni guda, kamar Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, dukkansu a yankin Mando. Ana neman shiga karatun difloma ta hanyar jarrabawar JAMB. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, sai ɗalibi ya yi shekara ɗaya yana aikin sanin makama, sannan ya dawo ya yi babbar difloma ta wasu shekaru biyu.

(c) Cibiyoyin horaswa na gajeren lokaci na gwamnati. A nan ne ake samun shirye-shiryen Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda ta fara aiki a 1987, da na Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971. Haka kuma a 2025 gwamnatin jihar Kaduna ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Ta Rigachikun ce ta fi kusa da mazauna Kawo da kewaye.

(d) Makarantu masu zaman kansu. Waɗannan su ne suka fi yawa, kuma a cikinsu ne aka fi samun bambanci tsakanin nagari da na banza. Akwai waɗanda hukuma ta amince da su a ƙarƙashin tsarin da aka fito da shi a 2007, wanda ya ba 'yan kasuwa damar buɗe cibiyoyin sana'a masu ba da shaidar ƙasa. Akwai kuma waɗanda ba su wuce ɗaki biyu da allon talla ba.

3.4 Ma'aunan Zaɓen Makaranta

Bayan an san ire-iren makarantun, sai kuma a zo ga yadda za a auna su. An kawo ma'aunai biyar a nan, an kuma jera su bisa muhimmancinsu.

3.4.1 Amincewar Hukuma

Tambaya ta farko ita ce, wace hukuma ce ta san da shaidar da makarantar take bayarwa? A nan ne iyaye da yawa suke yin kuskure, domin sukan ga takardar rajista a rataye a ofishin shugaban makaranta, su ɗauka ita ce amincewar. Rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni tana nuna cewa an san da wurin a matsayin kasuwanci ne kawai. Ba ta ce komai ba game da manhaja ko malamai ko kayan aiki. Wannan aikin NBTE ne, ko ma'aikatar ilmi ta jiha, gwargwadon matakin makarantar.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne, NBTE kwas-kwas take tantancewa ɗaya bayan ɗaya, ba makaranta ɗungurungum ba. Yana yiwuwa a amince da kwas ɗin lantarki a wata makaranta, amma ba a amince da na gini ba a wannan makarantar dai. Bugu da ƙari, amincewar tana da wa'adi, ana sabunta ta ne bayan an sake zuwa duba. Don haka bai isa a ce "makarantarmu tana da amincewa" ba, sai a tambaya, wane kwas, kuma zuwa wace shekara? Hukumar tana fitar da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su, kuma kowa yana iya dubawa a ofishinta ko ta intanet.

Illar sakaci a wannan wuri ba ta bayyana sai daga baya. Wanda ya yi babbar difloma a kwas ɗin da ba a amince da shi ba, ba za a kira shi aikin yi wa ƙasa hidima ba. Haka nan zai sha wahala wajen yin rajista da majalisar kula da aikin injiniya, wato COREN, wadda ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu difloma da ƙwararrun masu aikin hannu. A lokacin da zai gane hakan, shekaru biyar da kuɗin mahaifinsa sun riga sun tafi.

3.4.2 Kayan Aiki da Lokacin Aiki da Hannu

Ma'auni na biyu ba a sanin sa daga takardar talla, sai an je an gani, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ya kamata mai zaɓe ya ziyarci makarantar a ranar karatu, ba ranar biki ba, ya nemi a kai shi ɗakin koyon aiki. Alamun ɗakin da ake aiki a cikinsa ba su ɓuya. A wurin kafintoci za a ga ɗiɗɗigar katako a ƙasa, a wurin walda za a ga guntayen ƙarfe da baƙin bango, a wurin makanikai kuma za a ga baƙin mai a hannun ɗalibai. Injin da yake ƙyalli a cikin leda, ko wanda ƙura ta rufe, shaida ce a kan makarantar, ba a gare ta ba.

Tarihi ya nuna cewa mallakar inji daban, amfani da shi daban. Lokacin da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injuna masu yawa daga ƙasashen waje domin koyar da fasaha a ƙananan sakandare, amma da yawansu suka lalace a cikin akwatunansu saboda rashin ɗakunan da za a girka su, da rashin wuta, da rashin malaman da suka iya sarrafa su. Saboda haka bayan an ga inji, sai a tambayi wutar da yake aiki da ita. Shin akwai janareto ko sola? Wa yake sayen mai? Wa yake sayen kayan da ke ƙarewa, irin su sandar walda da katako da waya da siminti da yadi?

Sai kuma a ƙidaya ɗalibai a ƙidaya injuna. Misali, a ce aji yana da ɗalibi 40, injin walda kuma biyu ne, darasin aiki da hannu kuma awa uku ne a mako. Idan an raba daidai, kowane ɗalibi zai riƙe injin na minti tara ke nan a mako. Wanda ya yi shekara yana samun minti tara a mako ya kalli walda ne, bai koye ta ba. Wannan ɗan lissafi ya fi kowace tambaya bayyana gaskiyar makaranta. Ƙasar Jamus, wadda ake yawan buga misali da ita a wannan fanni, ta gina tsarinta ne a kan cewa ɗalibi zai yi yawancin kwanakin mako a wurin aiki, ya yi kwana ɗaya ko biyu a aji.

3.4.3 Malamai

Malamin sana'a yana buƙatar abu biyu, sanin ƙa'ida da iya aiki. Akwai malamin da zai zana injin mota a allo ya bayyana kowane sashe nasa, amma idan motarsa ta tsaya a hanya sai ya kira bakanike. Akwai kuma gwanin da hannunsa ya faɗa, amma ba ya iya bayyana dalilin abin da yake yi, sai dai ya ce haka ya ga ana yi. Makaranta mai kyau takan haɗa iri biyun, ko ta sami wanda ya haɗa su a kansa. Yana da kyau a bincika ko malaman sun taɓa aiki a masana'anta ko a shago, da kuma ko na dindindin ne. Makarantar da malamanta suke sauyawa kowane zango, alama ce ta rashin biyan albashi, ɗalibi kuma shi ne yake kwana a ciki.

3.4.4 Alaƙar Makaranta da Kasuwar Aiki

Ma'auni na huɗu shi ne makomar waɗanda suka gama. Ya kamata a nemi sanin inda tsofaffin ɗaliban makarantar suke, a kuma je a tambayi masu gareji da 'yan kwangila ko sun taɓa ɗaukar yaran wannan makaranta, da yadda suka same su. Haka nan a tambayi inda makarantar take tura ɗalibanta aikin sanin makama. ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES tun farkon shekarun 1970 domin wannan manufa, amma amfaninsa ya dogara ne a kan wurin da aka tura ɗalibi. Wanda ya yi watannin a ofis yana kai takardu daga tebur zuwa tebur, sa hannu kawai ya samo.

Akwai kuma batun sauyin zamani. Motocin yanzu suna da kwamfuta a cikinsu, ba a gano cutarsu sai da na'ura. Ƙarancin wutar lantarki ya buɗe kasuwar girka sola. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya jawo hankali ga mayar da motoci masu amfani da gas. Gyaran wayar hannu ya zama sana'ar dubban matasa. A fannin gini kuwa, sanannen abu ne cewa masu gidaje da yawa sukan nemi masu sa tayil daga Togo da Jamhuriyar Benin, ba don babu masu yi a gida ba, sai don ana ganin aikinsu ya fi tsabta. Wannan yana nuna cewa aiki yana nan, ƙwarewa ce ta yi ƙaranci. Makarantar da har yanzu take koyar da gyaran kafireto kaɗai tana shirya ɗalibi ne domin kasuwar da take ƙarewa.

3.4.5 Kuɗi da Nisa

Kuɗin makaranta ba shi ne kaɗai abin da uba zai biya ba. Akwai kuɗin kayan aiki na ɗalibi, kamar guduma da zarto da sufana da filaya, da rigar aiki da takalmin kariya, da kuɗin jarrabawa, da kuɗin mota na kullum. Yaron da yake zaune a Hayin Banki ko Unguwar Kaji, idan aka sa shi a makarantar da sai ya hau mota biyu ko uku kafin ya isa, to kuɗin motar wata uku yana iya zarce kuɗin zangon, kuma daga nan ne fashi yake farawa. Wannan ya fi shafar 'yan mata, waɗanda iyaye ba sa son su yi dare a hanya. Ya kamata kuma a tambaya ko makarantar tana taimaka wa ɗalibi da kayan fara sana'a bayan ya gama, domin tela marar keke da mai walda marar inji duk 'yan zaman jira ne.

3.5 Matsayin Panteka

Ba za a yi maganar koyon sana'a a Kaduna a tsallake tsohuwar kasuwar Panteka ba, wadda take maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada. A nan ake ƙera ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa da tukwane da injunan niƙa da na sussuka, sau da yawa daga tsofaffin ƙarafa. Dubban yara sun koyi sana'a a cikinta ba tare da sun zauna a aji ba. Ta fuskar ma'auni na biyu, wato aiki da hannu, da wuya a sami makarantar da ta kai ta, domin yaro yana aiki daga safe zuwa yamma a kan kayan da mai su yake jira. Rauninta yana wajen rashin manhaja da rashin wa'adi da ƙarancin kula da kariyar jiki, sannan uwa uba rashin takarda. Gwanin Panteka yana iya ƙera abin da mai difloma ba zai iya ba, amma idan kamfani ya nemi shaida sai ya koma gefe.

Akwai hanyoyi biyu na cike wannan giɓi. Ta farko ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku, ana farawa daga na uku a ƙare a na ɗaya. Ta biyu ita ce Tsarin Shaidar Ƙwarewa na Ƙasa, wanda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi a 2013, NBTE kuma take kula da shi. A wannan tsari ana auna mutum ne a kan abin da ya iya yi a gaban mai tantancewa, ba a kan shekarun da ya yi a aji ba. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya shugabanci Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kafin a naɗa shi shugaban NBTE a 2021, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa haɗin gwiwa tsakanin kwalejin da masu sana'ar Panteka domin su sami irin wannan shaida. Darasin da ke cikin wannan ga mai zaɓe shi ne, wanda ƙarfinsa bai kai ga makaranta ba yana iya kai ɗansa wurin maigida nagari, amma ya tabbata yaron ya yi gwajin sana'a kafin a yaye shi. Wanda kuma ya sa ɗansa a makarantar da kayan aikinta suka gaza, sai ya haɗa masa da zaman shago a ranakun Asabar da lokacin hutu.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar makarantar koyon sana'a, an kawo tarihinta a Kaduna daga 1956 zuwa yau, an kuma kasa ta gida huɗu. An nuna cewa rufewar masaƙu ta ɗora wa makaranta nauyin da a da masana'antu suke ɗauka. Daga nan an tattauna ma'aunai biyar, wato amincewar hukuma ga kwas ɗin kansa, da lokacin da hannun ɗalibi yake yi a kan kayan aiki, da ingancin malamai, da makomar tsofaffin ɗalibai, da kuma kuɗi da nisa. An ƙare da matsayin Panteka da hanyoyin da mai ƙwarewa marar takarda zai bi ya sami shaida. Dukkan binciken da aka ambata bai wuce na 'yan kwanaki ba, wato ziyara ɗaya zuwa titin Bida, ɗaya zuwa ɗakin koyon aiki, ɗaya kuma zuwa wurin masu ɗaukar aiki, alhali abin da ake son karewa shekaru uku ne ko biyar na ƙuruciyar yaro. A babi na gaba za a dubi matsalolin da ɗalibai suke fuskanta bayan sun kammala karatu.